Darasin lauya na dala 40 kan cajen mota: kuɗina sun fita, amma layin wayarsu kam a'a

Jama'a salamu alaikum. Tun watan jiya nake cewa zan rubuta wannan abu aiki bai bari ba, yau dai motar tana wajen makaniki ana canza mata birki shi ne na ce bari in zauna in sauke nauyin. Magana ce a kan wani darasi da wani ofishin lauyoyi yake shirya wa direbobin haya a nan Amurka, irin mu masu Uber da Lyft da 'yan tasi da masu kai saƙo, kan abin da za ka yi in ɗan sanda ya tsayar da kai ya ce yana so ya caje motarka. Ba zan kama sunan ofishin ba, don akwai inda zan yabe su akwai kuma inda zan caccake su, kuma ba wanda ya biya ni kuɗin talla.

Abin da ya kai ni wajen shi ne wani dare a lokacin sanyin bara. Wajen ƙarfe ɗaya na sauke wasu samari uku da na ɗauko daga wani gidan rawa, na kashe manhaja na kama hanyar gida, sai ga fitila ja da shuɗi a madubi. Na faka. Ɗan sandan ya ce fitilar birkina ta hagu ta mutu, ya karɓi lasisi da inshora da takardar mota, ya je ya dawo ya ce gargaɗi kawai zai yi min, in gyara gobe. Har na fara godiya ina cewa Alhamdulillahi a raina, ya miƙo min takarduna, ya juya kamar zai tafi sai ya sake juyowa yana murmushi, wai ba wani abu a motar da ya kamata ya sani ko? Na ce babu. Ya ce toh in haka ne ba damuwa in ya ɗan leƙa? Wallahi ban ma yi tunani ba, bakina ne kawai ya ce duba mana ofisa. Ɗan leƙawar nan ita ce ta zama kusan minti arba'in ina tsaye a bakin titi cikin ƙanƙara ba ko safar hannu, wata motar ta zo suka zama su biyu, aka ɗaga tabarmin ƙasa aka zazzage but aka buɗe jakar da nake sa sallaya da caja, can sai ɗayan ya zaro wata 'yar robar magani daga ƙarƙashin kujerar baya, irin mai ruwan lemo ɗin nan da kemis ke bayarwa, da sunan wani mutum a jiki wanda ban taɓa ji ba, da ƙwayoyi kaɗan a ciki. Cikina ya ɗuri ruwa. Na nuna musu manhaja cewa fasinja nake ɗauka, suka yi ta waya, suka yi ta tambaya, a ƙarshe dai suka tafi da robar suka sallame ni. Da na isa gida Maman yara ta ce min fuskata kamar wanda ya dawo daga jana'iza.

Wani abokin aiki ne ya turo min sanarwar darasin bayan na ba shi labari. Ana yi ne ta Zoom ranar Asabar da safe, awa uku, dala 40. Rajista ba wahala, ka biya da kati su turo maka mahaɗi ta imel. Ranar mun kai mu talatin da wani abu, yawanci baƙi ne irina, kana ganin fuskoki ka san mutanen nan dare suke kwana a kan titi. Mai koyarwar wata lauya ce dattijuwa, ta ce ta daɗe tana aikin kare waɗanda ba su da kuɗin ɗaukar lauya kafin ta koma ofishi mai zaman kansa, kuma ka ji yadda take magana ka san ta sha zaman kotu, ba ta da kewaye-kewaye.

Farkon abin da ta yi shi ne ta tambaya wa ya taɓa cewa eh da aka nemi cajen motarsa. Hannuwa suka tashi da yawa har da nawa. Ta ce wa ya san a lokacin cewa yana da damar cewa a'a? Shiru kake ji. Daga nan ta ɗauko zancen daga tushe. Gyara na huɗu na kundin tsarin mulkin Amurka, wanda ya fara aiki tun 1791, ya hana hukuma binciken mutum ko kayansa ba bisa dalili ba. Amma mota ba kamar gida ba ce a wajen kotu, tun 1925 a shari'ar Carroll, lokacin da aka haramta giya a ƙasar, aka tare wasu a hanyar Ditiroyit suna ɗauke da kwalabe sama da 60 a ɓoye cikin kushin ɗin kujera, Kotun Ƙoli ta ce tunda mota tana iya gudu kafin a je a samo waranti wajen alƙali, in ɗan sanda yana da ƙwaƙƙwaran dalili zai iya cajewa ba waranti. Toh a nan ne ta faɗi maganar da ta tsaya min a rai. Ta ce in yana da wannan ƙwaƙƙwaran dalilin ai ba ya buƙatar izininka, cajewa kawai zai yi. Sau da yawa in ka ji yana roƙonka cikin ladabi, izinin naka ne kaɗai ƙofar da yake da ita. Ta ƙara da cewa wani lokaci yana da dalilin amma yana so ya haɗa da izininka don ya toshe bakin lauyanka gaba ɗaya, ko ta wace hanya dai kai ne ka ba da kyauta.

Abin da ya sa izinin yake da nauyi haka, ta ce tun shari'ar Mapp ta 1961 kotunan jihohi ma dole su yi watsi da hujjar da aka samo ta haramtaccen bincike. Wato in an caje ba bisa ƙa'ida ba, lauyanka zai iya tashi gaban alƙali ya ce a cire abin da aka samu daga shari'ar. Amma in kai da bakinka ka ce duba mana, kuma kyamarar da ke ƙirjin ɗan sandan ta naɗa, toh ka ɗaure hannun lauyan tun kafin ka ɗauke shi. Ta ce ta sha zama da mutum a gidan yari tana kallon bidiyon, komai yana tafiya daidai a wajensu har zuwa daƙiƙar da ya ɗaga kafaɗa ya ce ba komai.

Kuma ba dole ne a gaya maka kana da damar ƙi ba. Wannan ne ya fi ba ni haushi gaskiya. Shari'ar Bustamonte ce ta 1973, a Kalifoniya aka tsayar da wata mota da dare saboda fitila ɗaya ta mutu, mutum shida a ciki, ɗaya daga cikinsu wanda ya ce motar ɗan'uwansa ce ya ba da izini har ya taya buɗe but, aka tarar da cek uku na sata a dunƙule ƙarƙashin kujerar baya, kuma wanda aka ɗaure daga baya ba shi ne ya ba da izinin ba, wani fasinja ne daban. Kotu ta ce izinin ya yi, ba sai an sanar da mutum haƙƙinsa ba. Sai kuma ta kawo ta Robinette ta 1996 a Ohayo, wanda aka kama yana gudun mil 69 a inda aka ƙayyade 45, aka yi masa gargaɗi aka mayar masa da lasisinsa sannan aka ce tambaya ɗaya kafin ka wuce. Ina jin wannan na ce la ilaha illallahu, ai ni ne wannan! Sak abin da aka yi min, har juyawar nan kamar za a tafi. Ashe salo ne sananne tun ina yaro. Kotu ta ce ba wajibi ne ɗan sanda ya gaya maka an sallame ka kafin ya nemi izini ba, kai ne za ka tambaya.

Inda darasin ya fi yi min amfani shi ne da ta juyo kan mu 'yan haya musamman. Ta ce mai motar gida yana iya rantsuwa ya san abin da ke motarsa, ku fa? Mutum nawa suka zauna a kujerar bayanka wannan satin? Ni dai na ƙirga a raina na ga sun haura ɗari. Ta ba da labarin shari'ar Pringle da aka yanke a 2003, a Merilan aka tsayar da mota da ƙarfe uku da 'yan mintuna na dare saboda gudu, mutum uku a ciki, mai motar ya yarda a caje, aka samu dala 763 a durowar gaba da ƙulli biyar na hodar iblis a bayan madogarar hannu ta kujerar baya, aka tambaya na waye kowa ya yi gum, ɗan sanda ya kwashe su duka ukun. Kotun Ƙoli baki ɗayanta ta ce kamun Pringle, wanda yake zaune a gaba, ya halatta. Wani ɗan'uwa ya katse ta ya ce amma ai mu ba mu san fasinjojin ba, manhaja ce ta haɗa mu. Ta ce ƙwarai, hujja ce mai kyau kuma ita ma da ita za ta kare shi, amma hujja ce da ake kawowa bayan an sa maka ankwa, janwe ya ja motarka, ka kwana a sel, an nemo kuɗin beli, wataƙila kamfanin manhajar ma ya dakatar da kai kafin a gama. Na tuna 'yar robar nan mai ruwan lemo na ji tsigar jikina ta tashi.

Ta kuma yi bayanin cewa eh ɗin da ka faɗa yana da faɗi fiye da yadda kake zato. A shari'ar Jimeno ta 1991 a Fulorida mutumin ya yarda a duba mota, ɗan sanda ya buɗe wata jakar takarda da ke ƙasa ya ga hodar iblis, ya ce ai ni mota na ce ban ce jaka ba, kotu ta ce wanda ya yarda a nemi ƙwaya a motarsa ya san za a buɗe abin da ƙwaya za ta iya shiga. Kana iya iyakancewa, kana iya janye izinin ma a tsakiya, amma a faɗarta wanda ya kasa cewa a'a tun farko da wuya ya iya cewa ku tsaya bayan an fara zazzage kaya.

Kada wani ya ɗauka darasin na koyon taurin kai ne, rabin lokacin ma a kan abin da dole ne ka bi ta ƙare shi. Lasisi da inshora da takardar mota dole ka nuna. In aka ce ka fito daga mota dole ka fito, tun shari'ar Mimms ta 1977, fasinja ma haka tun 1997. In ka yi ƙaramin laifin titi komai ƙanƙantarsa ya isa a tsayar da kai ko da a zuciyar ɗan sandan wani abu daban yake nema, wannan ita ce shari'ar Whren ta 1996, shi ya sa ta ce fitilar birki da ta lamba su ne lauyanka na farko, ka riƙa duba su. Gwajin hura iska na giya bayan an kama mutum shi ma babinsa daban ne, kusan kowace jiha tana da dokar da ta sa ƙin yin sa yake iya jawo a ƙwace lasisi, kada ka haɗa shi da cajen mota. Bakin iyakar ƙasa daban, manyan motocin kaya da ake duba lafiyarsu a ma'auni su ma daban. In aka ja motarka zuwa ma'ajiyar 'yan sanda za su iya lissafa kayan ciki ba tare da sun tambaye ka ba. Warin tabar wiwi kuma ta ce ya danganta da jiha, wani wajen har yanzu ya isa dalili wani wajen kotuna ko majalisa sun ce bai isa ba.

Maganar kare ta ɗauki lokaci don kowa yana da tambaya a kai. A takaice shari'ar Caballes ta 2005 ta ce kare ya zagaya mota yana shinshinawa yayin da ake rubuta maka tikitin tara ba bincike ba ne. Amma ta Rodriguez ta 2015, a Nebaraska, mutumin an gama ba shi takardar gargaɗi, aka nemi izinin zagayawa da kare ya ce a'a, aka riƙe shi minti bakwai zuwa takwas har wani ɗan sandan ya iso, kare ya nuna alama aka samu ƙwaya. Alƙalai shida cikin tara suka ce ba a tsawaita tsayuwa don jiran kare in babu wani zargi mai tushe, Mai shari'a Ginsburg ce ta rubuta hukuncin. Abin da ya burge ni da matar nan, ba ta tsaya a wajen daɗin ba, ta ce ku sani shi Rodriguez ɗin da aka mayar da shari'ar ƙaramar kotu hukuncinsa bai tashi ba, don an ce 'yan sandan sun bi yadda kotun yankin ta fahimci doka a lokacin. Ya gyara wa wasu hanya shi kuma bai tsira ba. Ta taɓo Gant ta 2009 a Arizona, cewa in an riga an sa wa mutum ankwa an kulle shi a motar 'yan sanda kan tuƙi da lasisin da aka dakatar, wannan kaɗai bai ba da damar caje motarsa ba, da kuma Riley ta 2014 cewa binciken waya sai da waranti. Mu da wayar ce ofishinmu, na ji daɗin wannan.

Sai aka zo wajen gwaji, kuma a ganina nan ne dala 40 ɗin take. Ta zama ɗan sanda, ana kiran mutum ɗaya ɗaya ya kunna kyamara. Jimloli uku ne kacal za ka riƙe, da Turanci dai za ka faɗe su amma ma'anarsu ita ce: ofisa ban amince a caje motata ba, sannan an sallame ni ne ko riƙe ni ake yi, sannan in abin ya yi nisa, zan yi shiru kuma ina son lauya. Kana ji ka ce ai wannan wasa ne. Da aka zo kaina ta ce cikin taushin murya, ba ka damu ba in na duba ko? Na ce a'a. Ta ce madalla na gode, ta yi kamar ta buɗe ƙofa. Kowa ya fashe da dariya. A'a ɗin da na faɗa, a'a ban damu ba ne ko a'a kar ki duba? Tambayar a murɗe take, eh da a'a duk suna iya zama izini, shi ya sa ake so ka faɗi cikakkiyar jimla. Ta sake gwada ni da in ba ka ɓoye komai me kake tsoro, na fara dogon bayani cewa ni mutumin kirki ne ina da iyali, ta ɗaga hannu ta ce ka ga ka fara shari'a a bakin titi, maimaita jimlarka kawai ka rufe baki. Sau huɗu na yi kafin ta ce ya yi. Kuma ta nanata har ta gaji: in sun ce za su caje duk da ka ƙi, ka matsa gefe, kar ka tare ƙofa, kar ka taɓa kowa, kar ka kulle mota, ka sake faɗa da murya a sarari cewa ba ka amince ba don kyamara ta ɗauka, shi ke nan. Hannu a kan sitiyari, fitilar ciki a kunne in dare ne, kafin ka miƙa hannu durowa ka faɗa tukuna. Ta ambaci Philando Castile da aka harbe a cikin motarsa a Minesota a watan Yulin 2016 lokacin irin wannan tsayarwa, wajen ya yi tsit na ɗan lokaci.

Yanzu bari in zo inda suka gaza. Na farko matar tana da sauri, Turancinta kamar ana koro ta, kuma ga mutane da yawa a ajin waɗanda Turancin nasu na ɗaukar fasinja ne kawai. Ba tafinta, ba rubutu a ƙasan allo, kuma da muka roƙi a turo mana bidiyon don mu sake kallo aka ce ba sa bayarwa. Na biyu, dokar jihohi. Ta faɗa da bakinta cewa wasu jihohin sun fi tarayya tsauri, misali a Niyu Jazi tun 2002 kotun ƙolin jihar ta ce sai ɗan sanda yana da zargi mai tushe kafin ma ya nemi izinin cajen mota, Minesota ma tana da makamancin haka tun 2003, amma da mutane suka fara tambayar tasu jihar sai ta ce a yi alƙawarin ganawa da ofis. Toh ai da kun raba ajin jiha jiha tun wajen rajista. Na uku wanda ya fi ci min rai, zancen takardun zama. Aji cike da masu girin kad, wato katin izinin zama na dindindin, da masu jiran takarda, amma minti goma kacal aka ba wannan. Ta dai faɗi cewa laifin ƙwaya yana iya sa a kori mai girin kad daga ƙasar, in ban da laifi guda na riƙe wiwi da bai wuce giram 30 ba don shan kai, ta kuma kawo Padilla, direban tirela da ya shekara sama da 40 da takardar zama har ya yi wa Amurka yaƙi a Biyetnam, wanda a kansa ne kotu ta ce a 2010 dole lauya ya gaya wa mutum in amsa laifi zai jawo masa kora. Daga nan ta ce ita ba fanninta ba ne. Na yaba da gaskiyarta amma su ofishin ai sun san su wa suke sayar wa darasin, me zai hana su kawo lauyan shige da fice ko na rabin awa.

Sai babban abin, layin waya. Minti ashirin na ƙarshe wani saurayi ya karɓi magana yana tallan wani tsari na dala 25 duk wata, wai lamba ce da za ka kira kowane lokaci dare da rana in an tsayar da kai. Jikina yana ɗumi da darasi na yi rajista nan take. Zan dawo kansa.

Kafin nan akwai wani dattijo da muke haɗuwa a filin jiran fasinja na filin jirgi, ya fi shekara ashirin yana tasi, kowa Alhaji yake ce masa. Na ba shi labarin darasin ina zumuɗi, ya saurara har na gama sannan ya ce yaro, mai gaskiya ba ya gudun bincike, ni duk wanda ya ce zai duba sai in buɗe masa har but, minti biyar ya sallame ni, kai kuma za ka je kana ja da mai bindiga a kan titi da tsakar dare. Na ce Alhaji Allah ya ƙara girma, ai ba ja ba ne, jimla ɗaya ce cikin ladabi. Ya ce ladabin naka shi zai fassara shi ba kai ba. Gaskiya ban iya ture maganarsa gaba ɗaya ba. Doka ta ce ƙin yarda shi kaɗai ba ya zama dalilin zargi, haka ne, amma doka ba ta hana mutum jin haushi, kuma wanda ya ji haushi yana iya rubuta maka tikitin da da ya yafe. Abin da na ce masa kawai shi ne Alhaji gaskiyarka ka sani, gaskiyar wanda ka sauke ɗazu fa? Ya yi dariya ya ce shi kullum yana share motarsa. Na ce ni ma ina sharewa, a ƙarƙashin ƙarfen kujera aka zaro tawa. Muka bar ta a nan don an kira lambarsa.

Wata biyu da wani abu bayan darasin aka sake tsayar da ni, wannan karon laifina ne, ban tsaya cak a alamar tsayawa ba, na ɗan mirgina. Na kunna fitilar ciki, na sauke gilashi, hannu a sitiyari, katin da suka turo mana ta gidan waya yana maƙale a abin kare rana inda ta ce a sa shi, don kar ka je kana laluben aljihu. Katin kam mai kyau ne, an like shi da roba, jimlolin uku da manyan baƙaƙe. Bayan ya duba takardu sai ga tambayar ta zo kusan kalma da kalma. Zuciyata tana dukan uku uku, muryata har rawa take, na ce ofisa da girmamawa, ban amince a caje motata ba. Ya tsaya ya kalle ni ya ce akwai dalili? Na ji dogon bayanin nan yana tasowa daga cikina, na haɗiye shi, na maimaita. Ya haska tocila ta gilashin baya, wanda dama yana da damar yi, ya koma motarsa ya daɗe, ya dawo da tikiti. Na sa hannu na ce an sallame ni? Ya ce eh, ka kula da hanya. Duka abin bai fi minti goma sha biyar ba. Tikitin ya ci min kuɗin aikin kwana guda da ɗori, kuma har yau Alhaji yana cewa da na buɗe but da gargaɗi zan samu, ni kuma ina ce masa wancan karon da na buɗe ai na ga abin da na samu.

A lokacin da yake zaune a motarsa ne na ce bari in gwada layin dala 25 ɗin nan, wayar tana maƙale a dashbod na danna a lasifika. Na'ura ce ta ɗauka, danna ɗaya danna biyu, kiɗa, sannan a bar saƙo. Sai washegari da azahar wata ta kira, kuma ba lauya ba ce, mai ɗaukar bayani ce, ta ce tsarin yana aiki ne in an kama mutum an kai shi ofishin 'yan sanda, tikiti da tsayarwar titi ba sa ciki, yana rubuce a sharuɗɗa. Na koma na duba, eh yana nan da ƙananan baƙaƙe a shafi na kusan ƙarshe, amma ba haka saurayin nan ya faɗa da baki ba. Da na ce a soke sai da na tura imel biyu, kuma suka sake cire na wata ɗaya kafin ya tsaya. In lissafa duka dala 100 ta tafi a kan lambar da ba ta taɓa haɗa ni da lauya ba.

Don haka in taurari ake bayarwa, darasin kansa huɗu cikin biyar, na cire ɗaya saboda saurin magana da gajartar zancen takardu. Layin waya ɗaya, ita ma don ba a ba da sifili ne. Wanda zai shiga ya zo da biro da takarda tunda ba bidiyo, ya rubuta tambayar jiharsa tun kafin a fara ya jefa ta da wuri, ya kuma daure ya kunna kyamara lokacin gwaji ko da za a yi masa dariya, waɗanda suka ɓuya ranar ba abin da suka tafi da shi sai sunayen shari'o'i. In saurayin tallan ya fito kuma ka yi sallama ka fita.

Na sayi 'yar tocila na ajiye a aljihun ƙofa, duk fasinjan da na sauke da dare sai na faka na haska ƙarƙashin kujeru da tsakanin kushin kafin in karɓi wani. Shekaranjiya ma ɗan kunne guda da lasisin wata mata na tsinta, na kai rahoto ta manhaja ta zo ta karɓa. Makaniki ya kira yanzu wai an gama birkin, na ce ya duba min fitilun baya duka kafin in iso.